Daren Laraba, Makka

Yau ma zafi kamar jiya. Wanki, shara, miyar kuka da rana. Hajiya Baba ta bugo daga unguwar Shara Mansur, ƙafar ta yi sauƙi, alhamdulillahi.

Bayan isha'i Ummi ta kawo min aikin lissafinta. An ba su lambobi huɗu, 0, 3, 5 da 8, an ce su jera su da ɗigo, kowace sau ɗaya, su fitar da adadin da ya fi kusa da 4. Nan take ta rubuta 3.850, kuma daidai ne. Har na yi mata tafi.

Sai na ce, "To Ummi, 3.850 da 3.9, wanne ya fi yawa?"

"Haba Umma, ai 850 ya fi 9 nesa ba kusa ba."

Gabana ya faɗi. Ashe abin da ke bayan ɗigo ta ɗauke shi lamba ce mai zaman kanta. Ba ta san 8 ɗin kashi takwas ne cikin goma ba, 5 kuma biyar cikin ɗari, sifilin ƙarshen nan kuwa bai ƙara komai ba. Ga shi a littafinsu na Larabci sifili kansa ɗigo ne, alamar rabawar kuma kamar waƙafi, yarinya 'yar aji biyar ina za ta sa kanta?

Na zazzage gwangwanin canjin baƙala, wato kantin unguwa, a kan tabarma. Riyal ɗaya halala 100 ne, wannan ta sani tun tana ƙarama. Na ware riyal uku da halala 50, 25 da 10 a gefe ɗaya. A ɗaya gefen na sa irinsu, na ƙara halala 5. Ban rufe baki ba ta dafe na 90 ɗin tana dariya. Na ce to shi ne 3.9, wato 3.90. Ta yi shiru, ta ce, "Amma Umma a littafi ba haka yake ba."

Maganar nan ita ta hana ni barci. A wurinta lissafin kuɗi daban, na makaranta daban. Gobe malama za ta ga 3.850 ta ja jan biro ta wuce, babu mai tambayarta ta yaya ta samu.

Abban Ummi cewa ya yi tunda ta ci, in bar yarinya ta kwanta. Ban tanka ba. Da safe kafin ta tafi zan gwada ta da 0.5 da 0.45.