Irin da ba mu ajiye wa Auta ba

Shekara goma sha huɗu ke nan ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Ringim. Awon ciki, rigakafin yara, karɓar haihuwa idan ta zo da sauƙi, idan kuma ta gardama in rubuta takarda a wuce gaba. Sha'anin sanyi na san shi, domin allurar rigakafi ba ta son zafi. Tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake riƙe ta, kuma na sha goya akwatinta a bayan babur muna tsere da rana. Duk da haka ban taɓa jin cewa ana iya ɗebo ƙwan haihuwar mace a daskarar da shi a ajiye mata ba, sai da buƙatar ta shigo har tsakar gidanmu. Ko a lokacin ma a makare na ji.

Autarmu ce. Shekararta ashirin da bakwai, aurenta shekara biyu, ɓari ɗaya, babu goyo. Ta ji ƙullutu a mamanta na hagu ta yi shiru, ta ɗauka ƙurji ne. Aka yi shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har wata biyar kafin ta kira ni ɗaki ta ce, "Yaya, taɓa nan ki ji." Ina taɓawa gabana ya faɗi. Washegari da asuba muka hau motar Kano. Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya ce sankara ce. Aka yi aiki, sannan aka ce za a yi mata ƙarin ruwan maganin daji, wanda a asibiti ake kira kemo, sau shida, duk bayan mako uku. An gaya mana gashinta zai zube, za ta yi amai, jininta zai yi ƙasa. Duk an faɗa, kuma duk sun faru. Maganar haihuwa ce kaɗai ba wanda ya ɗauko.

Bayan ƙarin ruwa na uku al'adarta ta ɗauke. Auta ta yi murna, ta zaci ciki ne. Ni na yi mata gwajin fitsari da hannuna, na ga layi ɗaya, na rasa bakin gaya mata.

Zuwanmu na huɗu na tare wata matashiyar likita a baranda, na ce, "Likita, don Allah, jinin yarinyar nan ya tsaya." Ta tambayi shekarunta da ko tana da yara. Da na ce babu, sai ta dakata da tafiyar da take yi, ta ce, "Hajiya, kafin a fara ba a yi muku maganar ajiye ƙwai ba?" Ta ja ni gefe, kuma Allah ya saka mata da alheri, ta ba ni kusan minti goma a ranar da layi ya kai bakin ƙofa.

Abin da ta gaya mini, da wanda na bi na karanta daga baya, shi ne wannan. Namiji jikinsa na ƙera maniyyi sabo kullum. Mace kuwa da guzurinta take zuwa duniya: ana haihuwarta da ƙwai wajen miliyan ɗaya zuwa biyu a gidajen ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa, lokacin balaga sun ragu zuwa kamar dubu ɗari uku ko huɗu, kuma ba a ƙara mata ko ɗaya. Suna ta raguwa, ingancinsu ma na sauka, musamman bayan shekara 35. Maganin daji yana bin ƙwayoyin cutar ya kashe, amma a hanya yana taɓa wannan guzurin. Wata al'adarta ta dawo bayan an gama, wata kuma shi ke nan, ta tsaya tun tana da ƙuruciya. Yarinta na taimakawa, amma ba a ba kowa tabbaci.

To kafin a sa ruwan farko akwai ɗan tsakani. Mace na yin allurar da ke sa ƙwai da yawa su nuna tare, maimakon ɗaya na wata-wata, kwana goma zuwa sha biyu, ana bin ta da hoton ciki. Sai a yi mata allurar barci, a shigar da siririyar allura ta gaba a zuƙo ƙwan, aikin da bai cika wuce rabin awa ba. Duka-duka kamar mako biyu. Daga nan a daskarar da su nan take a cikin ruwan naitirojin, sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ni da na san firjin rigakafi na fara tunanin ɗauke wuta, ashe tulun ba ruwansa da lantarki, ruwan ne ake ƙara masa kada ya ƙafe. A wannan sanyin ƙwan ba ya tsufa. Idan ta warke, ko bayan shekara biyar ko goma, sai a narkar da shi, a sa masa maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, a mayar mata da ɗan tayin cikin mahaifarta.

Abin ba na jiya ba ne. Tun 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila, jaririyar farko da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a waje. A 1986 wani likita mai suna Christopher Chen, a Ostireliya, ya ba da rahoton haihuwar farko daga ƙwan da aka daskarar. A da ƙanƙara na fasa ƙwan saboda ruwa ya yi masa yawa, sai da aka gano dabarar daskarewa cikin ƙiftawar ido, wadda ba ta ba ƙanƙara damar haɗuwa. A 2012 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta daina kiransa gwaji. A nan gida ma akwai asibitocin kuɗi a Legas da Abuja da ke yi.

Na dawo gida da wannan a raina kamar na haɗiyi dutse. Na san abin da za a ce: ina ku ina miliyoyin naira? Gaskiya ne, kuɗinsa miliyoyi ne, ga kuɗin ajiya duk shekara, ga tafiya. Mun riga mun sayar da shanu biyu da gonar fadama ta Inna don a yi aiki da kemo. Mai yiwuwa da an gaya mana, da mun zauna mun yi lissafi mun ce ba za mu iya ba. Amma da mu ne muka ce. Ina ganin an dube mu ne, an ga hijabi da takalmin roba da Hausar ƙauye, aka yanke mana hukunci cewa wannan magana ta fi ƙarfinmu. Muna da kawu a Fatakwal da bai taɓa juya mana baya ba. Kuma akwai abin da bai kai wannan tsada ba: likitar ta ce akwai allura ta wata-wata da ke kwantar da gidan ƙwai yayin kemo, tana rage ɓarnar ko da ba ta hana ta gaba ɗaya. Ita ma ba mu ji labarinta ba.

Da na yi wa Baba bayani, ya daɗe yana kallon ƙasa. Manomi ne, duk kaka yakan ware zangarniyar geron da ta fi cika ya ɗaure daban a ƙuryar rumbu, kuma ko a shekarar da hatsi ya yanke mana bai taɓa bari an daka ta ba. Ya ce, "Wato iri ne ake cire mata kafin fara ta sauka." Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "Iri ma ba duka ke tsirowa ba." Wannan ma haka yake, kuma ya kamata duk mai tunanin yi ta sani. Wani ƙwan ba ya jure narkewa, wani ba ya karɓar maniyyi, wani a dasa bai kama ba. Shi ya sa ake son a tara da dama, kuma na 'yar shekara ashirin da wani abu ya fi na mai arba'in albarka nesa ba kusa ba. Allurar da ke sa ƙwai su nuna ma kan kumbura wa wasu ciki har a kwantar da su.

Sai maganar addini, wadda ita ta fi damun Inna. Na je wurin limaminmu ta hannun matarsa, na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da na ji." Bai yi gaggawa ba, ya ce in ba shi kwana biyu. Da na koma ya ce asalin abin tsare nasaba ne. Na kuma ga cewa hukumar fatawa ta Masar ta yi magana a kai a 2019, ta halatta da sharaɗi: maniyyin mijinta ne kawai za a sa, kuma igiyar aure na nan a lokacin, a tsare ƙwan kada ya gauraya da na wata, a mahaifar mai ƙwan kuma za a dasa. A nan ne na lura da abin da ya shafe mu sosai. Matar aure ana iya haɗa nata da na mijinta a daskarar da ɗan tayin. Amma in aure ya mutu, ko mijin ya rasu, wannan ajiyar ta haramta gare ta. Ƙwan da ba a haɗa da komai ba kuwa nata ne, duk inda rabon aurenta ya kai ta. Mu da muka san yadda ake sakin mace mai jinya a garuruwanmu, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Mijin Auta bai sake ta ba, ya yi ɗawainiya iyakar ƙarfinsa, ina shaidarsa. Amma surukarta ta fara zancen ƙarin aure tun gashin yarinyar bai fito ba, kuma wata rana a gidan suna na ji wata ta kira ƙanwata juya. Na tashi na bar wurin ban ci abincin ba.

Idan ana labarin daskarar da ƙwai a waya, hoton matan birni ake nunawa, masu jinkirta aure saboda aiki, irin ma'aikatan da kamfanin Facebook ya fara biya wa kuɗin a 2014, kamfanin Apple kuma a 2015. Shi ya sa mutanenmu ke jin abin su tsuke baki. Ni wadda nake gani ita ce yarinyar da ke kwance ana neman jijiyar hannunta, da mai sikila da za a yi wa dashen ɓargo, domin magungunan da ake ba ta kafin dashen su ma suna cinye ƙwai. Yanzu duk macen da na tura Kano da ƙullutu, nakan riƙe hannunta in ce, "Kafin a sa miki ruwan farko, ki tambayi likita: haihuwata fa?" In tana jin nauyi, in rubuta tambayar a bayan takardar turawa, in gaya wa wanda zai raka ta.

Wata goma sha ɗaya bayan ruwan ƙarshe, Auta ta aiko yaro da sassafe wai in zo. Na same ta a bakin murhu, ta rage murya kada Inna ta ji, ta ce, "Yaya, in kin tashi aiki ki taho mini da auduga." Jinin ya dawo. Muka rungume juna muna kuka har kunun ya kama. Likita ya ce dawowar jini alama ce mai kyau, amma ba ta nuna yawan abin da ya rage, kuma ƙwayar da take sha kullum don kada cutar ta dawo ba a ɗaukar ciki a kanta. Shekara biyar aka rubuta mata. Ta ci ɗaya da wata huɗu, tana zana layi da gawayi a bayan ƙofar ɗakinta duk ƙarshen wata. Ranar Talata za mu koma Kano a duba ta.