Sana'ar ungozoma mai zaman kanta a Ingila da matsalar inshora

Ni ungozoma ce, kuma a arewacin Najeriya na fara koyon aikin kafin aure ya kawo ni Ingila, inda na ƙara karatu, na shiga rajista, na yi shekaru ina aiki a ɗakin haihuwa na wani asibitin gwamnati. A shekarar 2012 na ajiye wannan aiki, ni da wata abokiyar aikina muka buɗe ɗan ƙaramin kamfani na kanmu, wanda har yau mu biyu ne a cikinsa, sai wata mata da ke riƙe mana lissafi sau ɗaya a mako. Aikinmu shi ne mu karɓi mace tun cikinta yana ƙarami, mu riƙa yi mata awo a gidanta, mu zauna da ita ranar naƙuda, sannan mu ci gaba da zuwa duba ta da jaririnta har kusan ta yi arba'in. Mafi yawan matan da ke neman mu a gida suke son haihuwa.

Yayata ta taɓa tambayata ta waya, "Ke da Allah ya kai ki ƙasar da asibiti yake ko'ina, kuma kyauta, me ya mayar da ke karɓar haihuwa a ɗaki?" Na fahimci tambayarta sarai, domin mu duka biyun mun san matan da jini ya ɓalle musu a ɗaki, ko jijjiga ta kama su, aka rasa motar da za ta kai su asibiti har rai ya yi halinsa. Macen karkara da ke haihuwa a ɗakin uwarta sau da yawa rashin hanya da rashin kuɗi ne suka zaunar da ita. Wadda nake zama da ita a nan kuwa an yi mata awo tun farko, an ɗebi jininta, an yi mata hoton ciki, an tabbatar babu wata alamar haɗari, kuma asibiti ya san da ita tun kafin ranar. Idan wani abu ya sauya, kiran waya ɗaya ne motar asibiti za ta zo.

Daga ranar da cikin mace ya cika mako 37 wayata ba ta mutuwa, ba na yin tafiya mai nisa, kuma kayan aikina suna cikin mota dare da rana. A cikinsu akwai na'urar sauraron bugun zuciyar jariri, da abin awon hawan jini, da tukunyar iskar oksijin, da iskar da mai naƙuda ke shaƙa don rage zafi, da allurar tsayar da jini, da ledar ƙarin ruwa, da kayan ɗinki, da 'yar jakar da ake hura wa jariri iska idan ya faɗo bai yi numfashi ba. Idan naƙuda ta kankama nakan saurari zuciyar jariri kowane minti 15, idan an fara nishi kuma kowane minti 5, ina rubuta lokaci da abin da na ji. Kafin kai ya fito abokiyar aikina ta iso, domin dole a samu mai kula da uwa da mai kula da ɗa. Saboda wannan zaman jira ba ma karɓar mata fiye da 2 waɗanda watan haihuwarsu ya zo ɗaya, kuma wannan ne ya ƙayyade abin da kamfanin zai iya samu a shekara.

Duk macen da ta zo nakan zaunar da ita da mijinta in faɗa musu abin da bincike ya nuna, mai daɗi da marar daɗi. Babban binciken da muke dogara da shi shi ne wanda masana na Jami'ar Oksfod suka fitar a 2011, wanda ya bi diddigin haihuwa fiye da 64,000 na matan da cikinsu ba shi da matsala. Ya nuna cewa ga macen da ta taɓa haihuwa, jaririn da aka shirya haifa a gida bai fi na asibiti shiga haɗari ba, ita kuma uwar ta fi tsira daga tiyata da ƙari. Haihuwar fari daban take, domin an samu mummunar matsala ga jarirai kimanin 9 cikin 1,000 a gida, a asibiti kuma kimanin 5, sannan kusan kashi 45 cikin 100 na masu haihuwar fari sai da aka kai su asibiti ana cikin naƙuda ko jim kaɗan bayan sun sauka. A kan wannan ne hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ce a 2014 a riƙa gaya wa mata cewa gida yana cikin wuraren da za su iya zaɓa. Akwai waɗanda suka ji waɗannan alƙaluma daga bakina suka zaɓi asibiti, na kuma raka su da zuciya ɗaya.

Wajen shekarar 1960 kusan kashi ɗaya cikin uku na jariran ƙasar nan a gida aka haife su, amma bayan wani rahoton gwamnati na 1970 ya ba da shawarar a tanadi gadon asibiti ga kowace mai haihuwa, adadin ya yi ƙasa ƙwarai, yanzu kimanin kashi 2 cikin 100 ne. Mafi yawan waɗannan ma ungozomomin NHS ne, wato tsarin lafiya na gwamnati, ke karɓarsu kyauta. Waɗanda ke cire kuɗi daga aljihu su zo wurinmu suna da dalilansu. Wata ta sha wuya a haihuwar baya har ƙofar asibiti ma tana sa ta rawar jiki. Wata tana son fuskar da ta yi mata awo ita ce za ta gani ranar naƙuda. Akwai 'yan uwanmu Musulmi da ba su son namiji ya shigo musu, suna kuma son maigida ya yi wa jariri kiran salla a kunne cikin natsuwa. Akwai kuma baƙaƙen mata da suka karanta rahotannin MBRRACE, wato shirin da ke binciken mutuwar mata masu ciki da masu jego a ƙasar nan, waɗanda a wasu shekaru suka nuna cewa mutuwar baƙar mace a dalilin ciki ko haihuwa ta ninka ta farar fata sau 4 zuwa 5, suka ƙudura cewa sai sun samu wadda ta san su, wadda za ta saurare su idan suka ce wani abu ba daidai yake ba.

Sai dai duk wannan aiki ya rataya ne a kan inshora, kuma ita ce ke yanke ko kamfani irin namu zai rayu. Dokar ƙasar nan ba ta tilasta wa mace mai hankali zuwa asibiti, tana da ikon haihuwa inda ta ga dama. Amma dokar ta hana kowa karɓar haihuwa sai ungozoma mai rajista ko likita, in ba cikin larura ta gaggawa ba. Sannan tun daga Yulin 2014, bisa wani umarni na Tarayyar Turai na 2011, an wajabta wa kowane ma'aikacin lafiya mai rajista ya kasance yana da inshorar da za ta biya diyya idan ya yi kuskuren da ya cutar da wani. Idan aka haɗa waɗannan uku, duk ranar da inshorata ta yanke, macen tana nan da ikonta na zama a gida, amma ni ba ni da ikon zama kusa da ita.

Tsadar inshorar tana da dalili, kuma ya kamata mai karatu ya san shi. Idan jariri ya rasa isasshiyar iska lokacin haihuwa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, zai buƙaci masu kula da shi dare da rana, da gida na musamman, da kayan jinya, har ƙarshen rayuwarsa, kuma kotu takan yanke diyyar da ta kai fam miliyan da yawa a kan yaro guda. Wa'adin shigar da ƙara ba ya fara ƙirguwa sai yaron ya cika shekara 18, saboda haka mai inshora yana ɗaukar nauyin da zai iya faɗo masa bayan shekaru 20. A cikin NHS ma, ƙararrakin haihuwa kimanin ɗaya ne cikin 10 ta fuskar adadi, amma sun haura rabin kuɗin diyyar da ake nema. Asibitocin gwamnati suna iya ɗaukar wannan domin suna zuba kuɗi a asusu guda wanda hukumar NHS Resolution ke riƙe da shi, kuma baitulmali na bayansa. Mu masu zaman kanmu kuwa ba mu kai 200 ba a faɗin ƙasar, abin da za mu tara a shekara gaba ɗaya ba zai biya diyyar yaro ɗaya ba, ko da a ce shekaru sun shuɗe babu wadda ta yi kuskure.

Matsalar ta girmi kamfaninmu. A 1994 babbar ƙungiyar ungozomomi ta ƙasa ta cire masu zaman kansu daga inshorarta, zuwa 2002 kuma kamfanonin kasuwa suka janye gaba ɗaya. Lokacin da muka buɗe a 2012 ba mu da inshorar ranar haihuwa, doka ba ta hana ba a wancan lokaci, sai dai mu faɗa wa mace a fili, ta sa hannu cewa ta ji. Bayan dokar 2014 ƙungiyar masu zaman kansu ta kafa nata tsarin, amma a Janairun 2017 hukumar da ke riƙe da rajistarmu ta yanke cewa kuɗin da ke cikinsa ba zai isa biyan babbar diyya ba, kuma a Disamban shekarar babbar kotu ta tabbatar da wannan hukunci. An sake samun wata inshorar, ita ma ta yanke a tsakiyar 2020, daidai lokacin da annobar korona ta sa asibitoci da dama suka dakatar da aika ungozomominsu gidaje.

A waccan bazara ta 2020 ina da wata baiwar Allah, Bahaushiya 'yar Kano, mai ciki na uku, wadda na yi wata 6 ina zuwa gidanta. Mun riga mun zaɓi kusurwar falo da za a shimfiɗa leda, ta wanke tawul ta jera a kwando, har gero da kanwar kunun jego ta sa an aiko mata. Na je da kaina na zauna a bakin ƙofarta, da takunkumi a fuskata, na gaya mata cewa zan ci gaba da yi mata awo, zan zo bayan ta sauka, amma ranar naƙuda ba zan iya zama da ita a matsayin ungozoma ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci tana shafa cikinta, sannan ta ce, "Anti, to ni kaɗai zan zauna ke nan?" Na ce mata, "A'a ƙanwata, don Allah kada ki yi haka, ki je asibiti, ni zan kira su da kaina in ba su duk bayananki." Ta je, ta sauka lafiya, ta samu mace. Amma na san a wannan shekara akwai matan da suka zaɓi haihuwa a gida babu wani ma'aikacin lafiya tare da su, kuma wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a dukan al'amarin, domin jinin da ke ɓallewa bayan haihuwa ba ya ba da lokaci.

Duk da wahalar da na sha, ina goyon bayan wajabta inshora. Na yi shekara 2 ina aiki babu ita, kuma na san cewa da na yi kuskure a kan ɗan wani a lokacin, ko gidana da motata aka sayar ba za su riƙe shi shekara guda ba. Yaron da ya samu rauni a hannun ungozoma mai zaman kanta yana da haƙƙi daidai da wanda ya samu a asibiti. Abin da nake ganin kuskure ne shi ne a wajabta abu, sannan a bar mutane ƙalilan su nemo shi a kasuwar da ba ta son sayar da shi.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. A Ayalan gwamnati tana sanya ungozomomi masu zaman kansu cikin tsarin diyyarta idan sun sa hannu a yarjejeniya da hukumar lafiya ta HSE, sai dai sharuɗɗan suna da tsauri, macen da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ba ta shiga. A Jamus, da kuɗin inshorar ya yi ta hauhawa, tun 2015 ake mayar wa ungozomomi wani kaso na abin da suka biya. A Niyu Zilan tun 1974 akwai asusun ACC, wanda ke kula da wanda ya samu rauni ba tare da sai an tabbatar da laifin wani a kotu ba, kuma a can ungozomomi masu zaman kansu ne ke kula da mata masu yawan gaske. Ni abin da nake nema a nan mai sauƙi ne: a ba mu damar shiga asusun ƙasa, mu biya kasonmu, a riƙa binciken takardunmu da horonmu kamar yadda ake yi wa kowane ɗakin haihuwa. Na san za a ɗora mana sharuɗɗan da za su hana mu karɓar wasu mata, kuma wannan asara ce ta gaske ga waɗannan mata, amma ta fi halin da ake ciki na rashin sanin abin da shekara mai zuwa za ta zo da shi.

A yanzu mun koma karɓar haihuwa, bayan mun shiga ƙarƙashin wani tsari da muke biyan kuɗi a kan kowace haihuwa. Kuɗin yana shiga cikin abin da muke karɓa daga iyalai, saboda haka farashinmu ya tashi, kuma matan da na fi so in yi wa aiki, baƙi masu ƙaramin ƙarfi waɗanda Turanci bai zauna a bakinsu ba, su ne suka fara kasa biya. Mun buɗe biya kaɗan-kaɗan, muna kuma ɗaukar mace ɗaya a shekara a kan rabin kuɗi, iyakar abin da lissafinmu zai ɗauka ke nan. Takardar inshorar shekara guda take yi, ciki kuma wata 9 ne, don haka duk macen da ta zo yanzu nakan fara duba ranar da ake sa ran haihuwarta in gwada da ranar da takardar za ta ƙare. Idan ranarta ta faɗa bayan wannan, nakan gaya mata tun a zaman farko, in kuma tabbatar ta yi rajista da asibitin unguwarsu kafin mu ci gaba da magana a kan gida.