Yadda Muka Jera Shekarun Tarihi a Kwamfuta

Daren jiya a gidanmu da ke Agege, ɗana ya tambaye ni ko Turawa sun riga sun karɓe Legas lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara jihadi. Maimakon in ba shi amsa da baki, sai na buɗe mana TimelineJS, manhajar kyauta ta Jami'ar Northwestern da ke Amurka, wadda take ɗauko bayanai daga Google Sheets, wato manhajar Google ta jera bayanai a tebur, ta shimfiɗa su bisa layin shekaru.

Muka shigar da 1804 da Shehu ya fara jihadi, sannan 1861 da Ingila ta mallake Legas, da 1914 da aka haɗe Kudu da Arewa. Da yaron ya ja layin, ya ga tazarar shekara 57 da idonsa, sai ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ashe Shehu ya daɗe da rigan su." Haruffan sun yi ƙanana a waya, shi ya sa na fi son kwamfuta.