Bargar da na gani a waya daban, wadda na tarar daban

Jama'a, har yanzu raina a ɓace yake kan abin da ya sami Akawal, dokin da Baba ya bar mana. Gidanmu a unguwar Nima, cikin Accra, babu wurin kafa turke, ga cunkoso ga kwata, shi ya sa na shiga neman bargar haya da za ta riƙe mini shi zuwa hawan Sallah.

A Facebook na ga tallar. Ɗakuna da rufi, ciyawa kore shar, wai likitan dabbobi na leƙowa duk mako. Na tura kuɗin wata 2 ta MoMo, wato ta waya, ban taka wurin ba, yaronsu ya zo ya ja shi.

Bayan kwana 12 na hau trotro, motar haya, na je. Wallahi sai da na yi hawaye. Ruwan Yuni ya mai da wurin taɓo, doki na tsaye cikin kashinsa, ƙasan kofato ya yi baƙi yana wari, alamar ruɓewa ke nan. Kaska ta cika gindin wutsiya. Bokitin ruwa a bushe ƙayau, alhali doki kan sha sama da lita 20 a yini. Dusar ma ta yi funfuna, irin wadda ke murɗa wa doki ciki.

Na ce da mai wurin, "Alhaji, ina bargar da ke hoto?" Ya ce ta abokinsa ce.

A ranar na kwance dokina. Yanzu yana hannun wani dattijo a unguwar Madina, gefen Accra. Wurin ba kyan gani, amma ƙasa busasshiya ce, harawa da kanwa ba sa yankewa. Kofaton ya fara warkewa, Alhamdulillahi.