Talata, bayan taron iyaye

Tun da rana na gama tuwon dare, don na san taron makarantar yara a nan Landan zai kai mu isha'i. Ni da maƙwabciyata 'yar Somaliya muka isa ƙarfe shida saura, ruwa na tsugawa. A zauren da yara ke cin abinci aka jera mana ƙananan kujeru, ga zanen autata liƙe a bango, bishiyar kuka ta zana duk da ba ta taɓa ganinta da ido ba.

Takardar da aka raba ta ce za a raba makarantar da ƙaramar hukuma, a damƙa wa wata ƙungiya mai riƙe da makarantu da yawa. Akademi ke nan. Kuɗi za su riƙa zuwa kai tsaye daga ma'aikatar ilimi, filin makarantar kuma a ba su haya na shekara 125. Da na ji wannan adadin sai da gabana ya faɗi. Jikokina ma ba za su ga ƙarshensa ba.

Na miƙe, muryata na rawa, na ce kansila idan ya saɓa mana muna iya kayar da shi ranar zaɓe, to shugabannin wannan ƙungiya wa ya zaɓe su? Idan malamar da ke zama da ɗana mai jinkirin magana ta tafi, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa? Amsar da aka ba ni ita ce dokar ilimi ta 2016 ta wajabta sauyin muddin masu duba makarantu sun ce makaranta ta gaza. Ashe dai sanar da mu aka kira mu a yi.

Wani dattijo ya tuna mana makarantar firamare ta Downhills da ke Tottenham, a nan Landan. A 2012 kashi 94 cikin ɗari na waɗanda aka ji ra'ayinsu suka ƙi, amma ministan ilimi na lokacin, Michael Gove, wanda ya riga ya rushe hukumar makarantar, ya sa aka miƙa ta ga Harris, wata ƙungiya mai riƙe da makarantu. Zauren ya yi tsit. Duk da haka muka sa hannu a takardar ƙorafi, har biro ya ƙare aka aro na mai gadi.

Da na dawo auta ba ta yi barci ba, ta ce, "Umma, malamarmu za ta zauna?" Na ce mata insha Allahu, na ja mata bargo. Asabar za mu bi gida-gida da takardar, ni na ɗauki layinmu da na bayan masallaci.