TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 4: Ranar da sakamako ya fito

Assalamu alaikum yan uwa, satin da ya wuce mun tsaya inda nas din awo ta hango bakin tabon nan a dunduniyata tace lallai in je wajen likitan fata.

To cikina wata biyar a lokacin. Sun min allurar kashe zafi a wajen kawai suka yanki nama aka kai gwaji, da sakamako ya fito likita tace melanoma ce, kansar fata. Nace likita kansar fata kuma, ba ta turawa da zabiya bace? Tace mu bakake ma tana kama mu, saidai ta fi fitowa a tafin kafa ko tafin hannu ko karkashin farce, inda ba mai dubawa, irinta ce ta kashe Bob Marley a 1981, a yatsan kafa ta fara masa. Ni kuwa wlh duk zatona kaushi ne, kullum ina bin wajen da lalle.

A gida ne aka yi ta. Hajiya surukata tace sam, daji baya son karfe, in aka taba shi yaduwa yake, a bari in haihu tukuna a nemo na gargajiya, kanwar babana kuma tace sammu na taka. Ban ga laifin Hajiya ba fa, jikanta take jiyewa, amma dai kafata ce.

Abban Ummi ne ya dauko Hajiya muka koma wajen likita tare. Likitar ta durkusa ta gaisheta sannan tace "Mama, abinda muke aunawa zurfin da ciwon yayi cikin fata, da milimita ake lissafinsa, in yana sama sama aka cire mafi yawan mata suna warkewa su raini yayansu, in aka jira ya nutse ya kai kaluluwa shine tashin hankali. Wata hudun nan ba zai tsaya jiranmu ba." Tace aikin ana yinsa da ciki, hoton ma irin na duban ciki za a yi a matsematsina a duba kaluluwar, in na haihu kuma kar a binne mabiyiya sai sun gwada ta, dan wani lokacin ciwon yana kaiwa can, duk da ba kasafai ba.

Hajiya tayi shiru can tace "mabiyiyar ma?" Daga nan bata kara magana ba har gida, amma da asuba ita ta aiko a tambayi ranar aikin.

Sati mai zuwa insha Allah zan baku labarin tiyatar da yadda aka debo fata daga cinyata aka rufe wajen.