Ranar da hadda ta gudu ta bar ni a dandamali

Kowace shekara sashenmu na Faransanci yakan shirya makon al'adu a watan Maris, a rufe shi ranar 20 ga wata, wato ranar tunawa da yarjejeniyar da ƙasashe masu amfani da Faransanci suka sa wa hannu a Yamai a 1970. Ana karatun waƙoƙi, ana lacca, ana muhawara. Amma wasan kwaikwayo ne ke cika zaure. Lacca kam daga malamai sai ɗaliban da aka ce za a ɗauki sunansu.

Muna aji uku aka zaɓi L'Avare na Molière, marubucin wasan kwaikwayo na Faransa, wasan 1668 a kan Harpagon, tsohon marowacin da ya binne akwatin kuɗinsa a lambu ya hana kansa sakat. Ni aka ba ni Maître Jacques, bawan Allahn da rowar maigida ta ɗora wa aiki biyu: shi ne kuku, shi ne mai tuƙa keken doki. In maigida ya kira shi sai ya tambaya da wanne ake son magana, ya tuɓe wannan riga ya koma waccan.

Na haddace nawa tsaf cikin mako biyu, har ina yi wa sauran dariya. Dabarata ita ce in riƙe kalmar ƙarshe ta maganar Harpagon. Da na ji ta, sai in saki tawa. Abin da yake faɗa kafin nan bai dame ni ba. Malamarmu ta sha ce mini, "Kai bakinka kawai ke wasa, kunnenka yana gida." Ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

Ranar wasa aka buga sanda sau uku a ƙasa, kamar yadda Faransawa ke yi kafin buɗe labule. Muna wurin da ake lissafin abincin baƙi, abokina mai fitowa a Harpagon ya tsallake layi ɗaya, kalmata ta tafi da shi. Na tsaya ƙiƙam, rigar kuku a hannu, gumi na bin bayana. Faransancin da ya yi mini mai sauƙi ne, ɗan aji ɗaya ma zai amsa, amma ni ban saurara ba, jira nake. Shi ya cece ni: ya fizge rigar, ya balbale ni da faɗa da kalmomin da Molière bai taɓa rubutawa ba. Zaure ya ɗauki dariya, an zaci haka wasan yake.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yawancin 'yan kallo ba su jin Faransanci. Amma da aka sace akwatin, Harpagon ya cafke hannun kansa yana zaton ɓarawo ya kama, har masu tsaye a bakin ƙofa sai da suka riƙe ciki. Mu kuwa mun shafe wata guda muna gyaran lafazi, sai ana saura kwana uku muka fara tunanin inda kowa zai tsaya.

Washegari da safe na ari takardar abokina na karanta nasa layukan, a karon farko. A nan na tarar da wata baƙar magana da Harpagon ke yaɓa wa Maître Jacques, wadda na yi ta amsawa da murmushi tun farkon gwaji. Da yamma, a wasa na biyu, na ɗaure fuska.